Yadda Sanda Ya Canza wa Akori-kura Hannu

A shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, babu wanda maganar ta hau kansa a Zangon Agege kamar Sanda. Ba shi da mota, ba shi da keke. Abin da yake da shi wata shuɗiyar rigar kanikawa ce da ya samo a Apapa, lokacin da ya taɓa aikin wanke sababbin motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa. Tun daga nan ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Mutanen layi kuwa Sanda Sifana suke ce masa, saboda wata sifana guda da ba ta barin aljihun ƙirjinsa, wadda ba a taɓa ganin ta kwance komai ba sai murfin kwalbar lemo.

A gidan yayarsa Hansai yake zaune. Mijinta, Alhaji Iliyasu, mahauci ne, yana da wata tsohuwar akori-kura da aka shigo da ita ta Kwatano, irin wadda ƙafafun gaba ke jan ta. Da ita yake kwaso nama daga mayanka zuwa kasuwa, da ita gidan ke ci. Ciwonta ɗaya ne: in an karya kwana sai ta yi ƙas-ƙas-ƙas kamar mai tauna aya.

Ana saura 'yan kwanaki a canza hannu, Sanda ya zauna a teburin Ja'afaru mai shayi, rediyo na ta jan kunnen direbobi. Ya girgiza kai irin na mai tausayin jama'a.

"Ku kuna tsammani direba ne kaɗai zai canza hannu? Motar fa? Motar da ta tsufa tana bin hagu, a wayi gari ranar Lahadi a ce mata dama, ta ce to? Ko jaki ba ya haka."

Ja'afaru ya ɗaga butar shayi sama yana sheƙawa. "To yaya za a yi da ita, Injiniya? A sa ta yaƙi da jahilci?"

"Shaf za a canza mata."

"Mene ne kuma shaf?"

Sanda ya zaro sifana ya zana a ƙasa. "Sanduna biyu ne na ƙarfe a ƙarƙashinta. Su ke ɗauko ƙarfi daga giya su kai wa tayoyin gaba. Na hagu ya saba da hagu, shi ne shugaba. Sai a cire shi a mayar dama, a kawo na dama hagu. Shi ke nan, mota ta waye."

"Gwamnati ba ta san da wannan ba?"

"Ta sani mana. Tsoro take ji kada mutane su firgita."

A ransa ya riga ya gama lissafin abin da zai biyo baya. Zai fara da motar Alhaji. Da zarar an ga tana bin dama kamar a can aka haife ta, duk wata motar haya da ke Agege, ƙaramar bas danfo ce ko babbar bolekaja mai bodin katako, za ta yi layi a ƙofar gidan. Har allon ya gani a idonsa, da jan fenti: Garejin Canza Hannu, Injiniya Sanda.

Sai ga dama ta faɗo masa. Maƙwabciyarsu Iya Sikira, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, za ta aurar da 'yarta a Ikeja ranar Lahadin nan, ta kuma ce wa Alhaji sa guda take so, wanda in an ga cinyarsa dangin ango za su yi shiru. Alhaji ya hau jirgin ƙasa ya tafi Ibadan tarar shanu, ya bar akori-kura a ƙofar gida, makulli a hannun Hansai.

Sanda ya same ta tana tankaɗe. Ya tsuguna, ya yi ajiyar zuciya.

"Yaya, kina sha'awar takaba?"

Ta ajiye rariya. "Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Wace irin magana ce wannan?"

"Ranar Lahadi Alhaji zai ja sitiyari dama, mota ta ce ita hagu ta sani, ga bolekaja tafe cike da mutane. Ba kya jin kukan da take yi a kwana? Gardama ce ta fara tun yanzu."

Hansai ta juya ta dubi ƙofar gida, inda motar take. Ta daɗe tana jin ƙas-ƙas ɗin nan, ga rediyo ya hana ta sakat.

"Ka tabbata ka iya?"

"Yaya, Baturen Apapa kuka ya yi ranar da na bar aiki."

"Ni na ji an ce korar ka ya yi."

"Yana korar yana kuka."

Ta miƙa masa makulli. "Kafin ya dawo ka gama. In ka ɓata masa mota, ban san ka ba, ba uwa ɗaya ta haife mu ba."

Ranar Asabar da hantsi Sanda ya fito cikin shuɗiyar riga, ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan aikin da ya tarar a bayan kujerar mota. Ja'afaru ya duba ya ga mutane sun fara tsayawa, sai ya jawo teburin shayinsa ya dasa daidai wajen.

Sanda ya kafa jak ya fara murzawa. Ruwan farko ya sauka a makon, ƙasa ta yi laushi. Yana murzawa, mota na nan inda take, jak ne ke nutsewa.

"Injiniya, motar kake ɗagawa ko Legas kake dannawa?" in ji Ja'afaru.

"Gwada ƙasa nake."

Ya haƙo jak, ya sa masa dutse, mota ta ɗagu. Ya shiga gida ya mirgino turmin Hansai ya tokare gefe guda, ya jawo kututturen da Alhaji ke saran ƙashi a kai ya tokare ɗaya gefen. Sannan ya sa babbar sifana a ƙaton notin da ke tsakiyar taya, ya danna. Taya na sama, sai ta juya. Ya bi ta. Ta ƙara juyawa. Ya zagaya da ita har ya fara ganin mutane bibbiyu.

"Ai da ka kwance tun tana ƙasa," wani direban danfo ya faɗa daga cikin 'yan kallo.

"Da can haka ake yi," in ji Sanda. "Wannan sabon tsari ne."

Da direban ya juya baya, sai Sanda ya sauke motar. Ya zura dogon bututun famfo a hannun sifana, ya hau kai, ya fara tsalle. Noti ya ƙi. Ya tattara ƙarfi ya yi tsalle irin na 'yan langa. Noti ya saki gaba ɗaya, bututu ya yi ƙasa, Sanda ya yi baya, ya zauna daram cikin bahon da Hansai ta jiƙa gero.

Mata suka sa shewa daga zaure. Sanda ya miƙe, ruwan tsari na bin ƙafafun wandonsa.

"Kun ji ƙarar? Haka noti mai lafiya ke yi."

Aka sake ɗaga mota, aka cire tayoyi. Ya kwance abin da ya ga zai kwantu, wanda ya ƙi ya lanƙwasa shi. Kan shaf ya maƙale cikin gindin taya, ya ƙi fita. Sanda ya ɗauko gatarin Alhaji, ya juya ƙeyarsa, ya shiga dukan bakin ƙarfen kamar mai bin tsohuwar gaba. Shaf ya fita, amma bakinsa ya baje kamar kan ƙusa.

Ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Daga can ciki yake yi wa jama'a bayani.

"Yanzu za ku ga inda ilimi yake. Ba ƙarfi ba ne, dabara ce. A hankali za a lallaɓa shi, a ce masa..."

Ya fizgo shaf daga jikin giya. Baƙin mai ya biyo baya, ya zubo masa a goshi, ya cika masa baki. Ƙafafun da ake gani suka shiga harbin iska. Da ya jawo jiki ya fito, ba a ganin komai a fuskarsa sai fararen idanu.

Hansai ta leƙo. "Na shiga uku! Me ke zuba?"

Sanda ya tofar. "Mataccen jini ne, Yaya. Ƙaho na yi mata."

"Wanzami ma ya samu," in ji Ja'afaru. "Mai shayi biyu a can, wa ya ce a ƙara madara?"

Shaf na biyu Sanda ya ce ba zai sake kwanciya a ƙarƙashinsa ba. Daga waje ya kama shi, ya dafa ƙafa a jikin mota, ya ja. Robar da ke rufe gaɓar shaf ɗin ta yage, gaɓar ta wargaje, wasu ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi suka zubo suka bazu cikin layi. Daidai lokacin agwagin Iya Sikira suka fito kiwo. Babban toron, wani mai jan fuska da ko karnuka ke ba shi hanya, ya miƙa wuya ya haɗiye ɗaya.

Sanda ya tsince biyar. Ya duba gaɓar, gurbi shida ne. Ya dubi toron. Toron ya dube shi.

"Ku kama shi!" in ji Sanda.

Babu wanda ya motsa, sai shi kaɗai. Toron ya shige ƙarƙashin teburin shayi, Sanda ya bi shi, kofuna suka tashi sama. Toron ya ɓulla ta wajen mai ƙosai, ya tsallake tabarmar masu dara, ya faɗa kwata. Sanda ya faɗa bayansa. Can sai ga shi ya fito rungume da agwagwa, tana dukan fuskarsa da fiffike, gero da baƙin mai da ruwan kwata sun haɗu a jikinsa.

Ya ɗago ke nan ya ga Iya Sikira tsaye, hannu a ƙugu. Ta fito daga cikin masu girkin biki, ludayi a hannunta. A Zango ta girma, Hausarta ta fi ta wasu 'yan layin kaifi.

"Sanda, me pepeye na ya yi maka?"

"Iya, ya ci kayan gwamnati."

"Wace gwamnati?"

"Ƙwallon shaf. Yanka shi za a yi a ciro. Ai biki kuke yi, sai a ƙara a miya."

"Ka yanka shi, ni ma in yanka ka in ƙara a miya. Ajiye shi!" Sai idonta ya kai kan motar, ba tayoyi, tana tsaye kan turmi. Ta dafe ƙirji. "Wannan ba ita ce za ta kai namana gobe ba?"

"Ita ce, Iya. Gata ake yi mata saboda ke. Gobe kafin ki ɗaura gelenki a ka ta isa Ikeja."

Ta nuna shi da ludayi, ta yi wata doguwar magana da Yarabanci wadda ta sa waɗanda suka ji suka sunkuyar da kai, ta kwashi agwagwarta ta tafi.

Sanda bai fid da rai ba. Ya ɗauki faranti ya tsuguna a bakin katangarta yana leƙen toron, wai abin da ya shiga zai fito. Rana ta take, ta karkata. Toron ya yi abin da zai yi ba sau ɗaya ba, Sanda na bi da tsinke yana tonawa, babu ƙwallo. Da ya gaji sai ya dawo ya sanar da jama'a cewa na shidan dama sifiya ne, Bature ke ƙara shi don ado.

Yanzu aka zo kan babban aikin, wato musanya. Ya ɗauko shaf na hagu ya kai dama. Bai kai ba, saura kusan taƙi guda. Ya ɗauko na dama ya kai hagu. Ya yi tsawo, ya leƙo waje. Ya jera su a ƙasa, sai ga ɗaya dogo, ɗaya gajere.

"Wane mugu ne ya yanke wannan?"

"Wataƙila na hagun ne bai ci abinci ba yana yaro," in ji Ja'afaru.

Sanda ya aika a aro masa zarto. Kafin zarton ya iso, Hansai ta fito da muciya.

"Ka ɗora zarto a kan ƙarfen nan, in ɗora wannan a kanka."

Ya yi tsaye yana sosa ƙeya, jama'a na jira. Sai fuskarsa ta washe. Ya ɗauki dogon ya zura kansa a gurbin gajeren, ya riƙe shi can ɗan lokaci, ya zaro. Ya yi wa gajeren haka a gurbin dogon.

"An gama," ya ce. "Ba sai sun tare ba. Kowa ya leƙa ɗakin ɗan'uwansa, ya ga yadda ake zama. Yanzu kowa ya koma gidansa da ilimi."

Wani tsoho da ke kallo tun safe ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. "Ashe ziyara aka kai," ya ce, ya yi tafiyarsa.

Saura mayarwa. Sanda ya ga baƙin giris cunkushe a gaɓar, ya ce ƙazanta ce, ya wanke ta tas da sabulu da soso. Da ya tuna dole a sa wani, masu sayar da kayan mota sun rufe sun tafi hutun Ista. Bai damu ba. Gidan mahauta ne. Ya ɗebo kitsen sa cikin ƙwarya ya danna a gaɓar, ya jera ƙwallaye biyar, ya naɗe da tsohon tub ɗin keke a madadin robar da ta yage. Man giya da ya zube kuwa, ya shiga madafa ya ɗauko kwalbar man ja ya ɗura.

"Mai mai ne," ya ce wa Hansai. "Wannan ma ya fi gina jiki."

Ya tura shaf cikin giya, ya ji ya ɗan shiga, ya ce ya isa. Noti ya ƙi hawa bakin da ya baje da gatari, sai ya ɗora shi a karkace ya ɗaure da wayar shanya. Wasu ƙananan notuna suka yi saura a kan buhu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya zuba su a aljihu. Da ya zo sauke motar, jak ya zame, gaban mota ya sauka a kan turmi, turmi ya tsage biyu.

Hansai ta buɗe baki za ta yi ihu, sai aka ce ga Alhaji can ya shigo layi da sa. Ta haɗiye ihun, ta kwashe ɓarayin turmin ta yi ciki. Ita ta ba da makulli, ba ta da bakin magana.

Abu ɗaya Sanda ya iya da gaske, wato wankin mota. Kafin Alhaji ya gama gaisawa da mutane ya ɗaure sa, akori-kura na ƙyalli kamar amarya.

"Kai, Sanda, yau kuma?" in ji Alhaji. "Allah ya yi albarka."

"Amin, Alhaji. Ai ba ka ga komai ba tukuna."

Ja'afaru ya ƙware da shayi, aka yi ta bubbuga masa baya.

Da safiyar Lahadi aka yanka sa, aka feɗe, aka jera nama cikin manyan bahuna a bayan mota. Alhaji ya kama sitiyari yana ta addu'a, don shi ma canjin hannun nan ya tsaya masa a rai. Iya Sikira ta shiga gaba, gelenta ya tokare rufi har sai da ta karkata kai. Sanda ya hau baya. Ja'afaru ya rufe teburinsa ya ɗare, wai zai taya riƙe bahuna.

Titi ya cika da 'yan sanda da sojoji da 'yan sikawut, kowa na nuna dama. Motoci na tafiya kamar masu rakiyar gawa. Akori-kura ta hau titi, ta karya kwanar farko. Shiru. Babu ƙas, babu ƙis. Kitse ya toshe bakin komai.

Alhaji ya karkata kunne. "Ikon Allah. Kukan nan ya daina."

Sanda ya so ya yi shiru, amma abin ya fi ƙarfinsa. Ya zura kai ta ƙaramar tagar baya.

"Ba ikon Allah kaɗai ba ne, Alhaji, da hannun Injiniya. Jiya na zare mata shaf duka biyu, na canza mata hannu."

"Ka yi me?"

"Ka dubi gabanka, Alhaji, dama, dama! Ka ga yadda take bi da kanta?"

Sai ya miƙe tsaye a cikin bahuna yana yi wa direbobin da ke bayansu shela. "Mai son a canza wa motarsa hannu, Zango, gidan Alhaji Iliyasu! A tambayi Injiniya!"

Ba su yi nisa ba wani ƙamshi ya fara tasowa. Iya Sikira ta buɗe hanci.

"Alhaji, ka soya naman ne? Ɗanye na ce."

"Ɗanye ne, Iya."

"To wa ke suya?"

Wani siririn hayaƙi na fitowa ta gefen tayar gaba. Kare ɗaya ya fito daga lungu ya bi su. Wani ya biyo shi. Kafin su kai kasuwa, karnukan Agege sun yi jerin gwano a bayan mota, ba sa ko kallon naman da ke sama, duk hancinsu na ƙarƙashi. Wani fasinjan danfo ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu, yana tambaya ko akwai mai yaji.

"Alamar lafiya ce," Sanda ya ce wa Ja'afaru, amma ya zauna.

Suka iso babbar mararrabar da ke kusa da layin dogo, inda hanyoyi suka haɗu, inda aka fi jibge 'yan sanda saboda nan ake tsoron karo. Wani kofur ya ba su hannu. Alhaji ya karya sitiyari, ya taka mai.

Ƙarar da ta tashi sai da ta sa kofur ya dafe hularsa. Mota ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cak a tsakiyar mararraba, a gicciye. Alhaji ya taka mai, inji ya yi kururuwa, mota ko gezau. Ya sa giyar baya, haka. Tayar gaba ta kwanta gefe kamar mai jin barci. Sai ga shaf ya faɗo kan kwalta, yana hayaƙi, yana ɗigar da man ja, ƙwallaye na gangarawa kowanne da inda ya nufa. Karnuka suka rufa a kansa. Wani ƙaton baƙi ya cafki wajen tub ɗin ya fara jan sa zuwa bakin titi.

"Kai! Kayan aiki ne!" Sanda ya diro ya kama ɗaya bakin. Ƙarfe da zafi, ya saki yana yarfe hannu. Kare ya yi gaba da abinsa.

Motoci suka tsaya ta kowace kusurwa, aka cika gari da oda. Kofur ya iso. Mutumin Filato ne, da Hausa ya yi magana.

"Oga, tun safe ina ganin masu bin dama, ina ganin masu mantawa su bi hagu. Kai ne na farko da ya zaɓi tsakiya. Wane hannu kake?"

Alhaji ya kashe inji. Ya fito, ya nuna Sanda da yatsa.

Sanda ya gyara wuyan riga. "Ranka ya daɗe, motar ta riga ta karɓi dama. Titin ne ba a gyara ba."

Kofur ya tsuguna, ya dangwali abin da ke ɗiga a ƙarƙashin mota, ya sunsuna, ya ɗan taɓa a harshe. Ya ɗago a hankali.

"Wannan ai miya ce."

"Saura albasa, ranka ya daɗe," in ji Ja'afaru daga sama.

Direbobin da suka kwana da fargaba suka fito daga motocinsu, suka kewaye akori-kura. Labari ya bi layin motoci da Hausa da Yarabanci da Turancin kasuwa, duk inda ya isa sai dariya ta tashi. Wani kwandastan bolekaja ya kwanta a kan kwalta yana riƙe ciki. Aka ce a tura ta, taya ta ƙi juyawa. Sai da majiya ƙarfi suka taru suka ɗaga gabanta cak, aka ja ta gefe kamar saniyar da ta karye. Suna cikin haka Sanda ya sunkuya zai taimaka, notunan da ke aljihunsa suka zubo gaban Alhaji.

Alhaji ya dube su. "Waɗannan fa?"

"Ragowa ne, Alhaji. Riba ke nan."

Alhaji ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Da ya buɗe, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ni zan tsaya in nemo bakanike. Kai kuma, in ka dawo gida, ka tsaya daga waje mu yi magana. Daga waje, ka ji?"

Iya Sikira ba ta da lokacin wannan. Ta warware gelenta ta ɗaure a ƙugu. Duk motar da za a iya ɗauka ta maƙale a cunkoson da suka haɗa, ga dangin ango na jira a Ikeja. Ta kira 'yan dako ta ɗora wa kowa baho, ta ba Ja'afaru cinya guda. Baho mafi girma, mai kan sa da ƙafafuwa da kayan ciki, ta sa aka ɗaga aka ɗora wa Sanda a ka.

"Iya, ni Injiniya ne."

"Yau kai ne akori-kura. Oya, ta da inji!"

Haka aka kama hanyar Ikeja a ƙafa. Sanda a gaba, ƙahonin sa sun leƙo ta saman baho, ruwan nama na bin goshinsa yana ɗiga ta kan hanci. Iya Sikira na bayansa da lema, in ya rage sauri ta zungure shi. Karnukan da ba su samu shaf ba suka biyo sawu. Mutanen da ke cikin motocin da suka tsaya suna leƙowa suna yi masa oda da baki.

Suka yi nisa. Can Ja'afaru ya matso kusa, cinya a kafaɗa.

"Injiniya, yaushe za a buɗe gareji?"

Sanda bai iya juya wuya ba, sai ya juya ido.

"Kai dai ba ka da lura. Mararrabar nan, ba ita ce aka ce yau sai an kwashi gawa ba?"

"Ita ce."

"An yi karo?"

"Ina za a yi karo, babu motar da ta motsa?"

"To! 'Yan sanda sun yi ta shiri, sojoji sun yi ta shiri, ga 'yan sikawut. Wa ya tsayar da kowa lafiya, ko ƙwarzane babu?"

Ja'afaru ya tsaya ya dube shi daga sama har ƙasa.

Sanda ya gyara zaman bahon, ya hura ɗigon da ke kan hancinsa.

"Sai dai ka san halin mutanenmu," ya ce. "Ba za a faɗa a rediyo ba."